Munawwara a Layin Mu'az

"Mai kwasar kwata!" Alhaji Bubayaro ya faɗa, ya ture ƙwaryar furar da ke gabansa. "Duk samarin Potiskum ki rasa wanda za ki kawo mini sai mai kwasar kwata?"

Munawwara tana durƙushe a bakin ƙofar falo, kanta a sunkuye. Malama ce a firamaren unguwarsu ta Dogo Tebo, in ta ɗaga murya aji guda yana nutsuwa, amma a gaban mahaifinta ko tari ba ta iya yi da ƙarfi.

"Baffa, aikin gayya yake yi. Ba biyansa ake yi ba."

"Ai shi ne abin takaicin! Da biyansa ake yi, da sai in ce yana da sana'a."

Wanda ake ta zagin nan shi ne Mu'az, ɗan wani manomi a ƙarshen unguwa. Tun da ya gama kwaleji bai sami aiki ba, sai ya tara matasa suka kafa ƙungiyar aikin gayya. In damina ta zo kwatoci suka toshe, Mu'az ne a ciki har gwiwa. In an yi rasuwa, kafin dangi su gama koke-koke ya riga su maƙabarta da diga a kafaɗa. In mai naƙuda ta rasa mota, ƙofarsa ake bugawa. Mu mutanen Dogo Tebo kuwa, Allah ya shirye mu, mun iya mu mori mutum sannan mu raina shi a kan aikin da ya yi mana.

Ya daɗe yana son Munawwara, ita ma tana sonsa, so irin wanda ba ya ɓoyuwa. Ya turo manyansa, aka sallame su tun daga zaure ko ruwa ba a ba su ba.

A wannan shekara ta 1996, bayan ƙaramar salla, gwamnatin soja ta ce a yi zaɓen ƙananan hukumomi babu jam'iyya, kowa ya tsaya da ƙafarsa. Tsofaffin unguwa suka matsa wa Mu'az sai ya nemi kansila. Zaɓen kuma na ƙato bayan ƙato ne, babu akwati, babu dangwala yatsa a ɓoye. Za a kafa hoton ɗan takara a jikin sanda, mai sonsa ya je ya tsaya a bayan hoton da rana tsaka, duniya tana kallo, a bi layi a ƙirga.

"Ki buɗe kunnenki," in ji Alhaji Bubayaro. "Ba zan yi miki dole ki auri Mahdi ba, ni ba jahili ba ne. Amma wancan yaron, muddin ina numfashi ba zan ɗaura ba. Sannan jibi Asabar, duk wanda yake cin tuwon gidan nan, in na hango shi a layin da ba na Mahdi ba, to ya nemi gidan da zai kwana."

"Baffa..."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi, idanunta cike da ƙwalla. Tana fitowa zaure sai ga Mahdin a ƙofar gida, jingine da fijo ɗinsa, turarensa ya riga shi sallama.

Mahdi ɗan wani mai tireloli ne, aminin Baffa. A Kano yake zaune, takara ce ta dawo da shi. Bai taɓa ɗaga ko tsinke a Dogo Tebo ba, amma makon nan babu gidan da sabulunsa da gishirinsa ba su shiga ba. Yana neman kujera, yana neman Munawwara, kuma duka biyun yana nemansu ne da fuskar wanda ya riga ya samu.

"Ranki ya daɗe, uwargidan kansila," ya ce, yana kaɗa makullin mota.

"Sannu, Mahdi. In tambaye ka mana. Ka san layin da ruwa yake cin gidaje a unguwar nan da damina?"

Ya yi dariya, ya gyara hula. "Ai in na hau za a gaya mini."

"Allah ya kawo mai gaya maka," ta ce, ta ja mayafinta ta wuce.

* * *

Bayan la'asar ta same shi a gidan Ya Fanne, wata dattijuwa Babarbariya mai soya ƙosai a bakin firamare. Nan suke haɗuwa tun da aka hana Mu'az ƙofar gidansu, tsohuwar tana gefe tana surfen wake, ita ce mai gadinsu.

Yana zaune a kan turmi, rigarsa ta koɗe, tafin hannunsa duk kanta. Da ta gama ba shi labarin abin da Baffa ya ce, sai ya kifa kai a gwiwa.

"Munawwara, na gaji," ya ce. "Wallahi na gaji. Me na yi wa Baffa? Sata na yi? Shaye-shaye nake yi?"

"Ba ka yi komai ba."

"To me kujerar kansila za ta yi mini in babu ke? In na ci, ya ƙara tsanata, tunda na kayar da ɗan amininsa. In na faɗi, ya ce dama ya faɗa. Ta ina zan ɓullo?"

Hawaye suka zubo masa. Ganin haka ita ma nata suka ƙwace.

"Ka daina, Mu'az, don Allah ka daina. Kana kuka ni in yi yaya?"

"Ba na iya barci. Ko abinci na sa a gaba, ke nake gani an kai ki gidan wani."

"Babu mai kai ni gidan wani. Baffa da bakinsa ya ce ba zai yi mini dole ba. Zan zauna. In shekara ce in zauna, in goma ce in zauna, har ya gaji ya sauko."

"Ki tsufa a gida saboda ni?"

"In tsufa." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ka san abin da ya sa na zaɓe ka? Tun ina ƙarama nake ganin maza a ƙofar gidanmu suna murza hula, suna ranka ya daɗe, suna jiran abin da Baffa zai jefo musu. Kai kaɗai ne ban taɓa gani a cikinsu ba. Kada ka karaya yanzu. Ka tsaya, ni ma ranar Asabar zan tsaya a layinka."

Ya ɗago a firgice. "A'a! Zai kore ki."

"Ya kore ni."

"Munawwara, ki rufa mini asiri."

"Na riga na faɗa."

Ya Fanne ta ajiye taɓarya. Hausarta irin ta Barebari ce, mace ma kai take ce mata.

"Malama, da gaske kake? Mata duk suna son yaron nan, tsoro ne kawai. Ni rumfar ƙosaina a filin uban Mahdi yake. Wasu a gidajensa suke haya. Amma in 'yar Alhaji Bubayaro ya tsaya, wallahi mu ma za mu tsaya."

"Ki gaya musu, Ya Fanne. Ni ce zan fara shiga."

Mu'az sai kallon ƙasa yake yi yana jan hanci. Munawwara ta ɗauka tsananin so ne ya ɗaure masa baki. Hawayen namiji abu ne mai ruɗi, mace mai hankali ma in ta gan su sai ta manta ta tambayi abin da mai su yake saƙawa.

* * *

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, zauren Alhaji Bubayaro ya cika da baƙi, aka rufe ƙofar da ke shigowa cikin gida. Munawwara ba ta damu ba, dama zauren babban dillalin shanu ba ya rabo da jama'a. Ta shiga ɗaki ta tattara 'yan kayan sawarta a jaka, ta bi ta ƙofar baya ta kai ajiya gidan Ya Fanne, don ta san gobe ba lalle ta kwana a gida ba.

Da ta dawo sai ta tarar da abin mamaki. Baffa yana tsakar gida yana raha, har da ƙunshin tsire ya sa aka sayo wa mutan gida. Ya dube ta ya yi murmushi.

"Malama Munawwara, an dawo?"

Ta san mahaifinta, ba ya irin wannan fara'a sai ranar da ya yi kasuwa mai kyau a kara, kasuwar shanu.

* * *

Asabar ta zo da zafi mai gasa ƙwaƙwalwa. A filin firamaren da take koyarwa aka yi zaɓen. Tun da hantsi aka gama tantance masu kati, aka kafa sanduna biyu a tsakiyar fili, ɗaya da hoton Mahdi mai launi yana murmushi, ɗaya da hoton Mu'az baƙi da fari, wanda aka ɗauka a ɗakin hoto na bakin tasha.

Malamin zaɓe ya ɗaga murya ya ce kowa ya shiga layin wanda yake so, maza gefe, mata gefe.

Nan take 'yan sabulu da gishiri suka ruga bayan hoton Mahdi, ana ture-ture, kowa yana so a ga fuskarsa a gaba. Bayan hoton Mu'az kuwa sai 'yan ƙungiyarsa, su ma suna ta waige-waige, don tun safe babu wanda ya ga ɗan takararsu. Sauran jama'a suka maƙale a jikin bangon azuzuwa, kowa yana jiran wani ya fara. Mutanen da ya haƙa wa iyayensu kabari ne fa waɗannan, suka tsaya suna sosa ƙeya.

Alhaji Bubayaro yana zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiya, dillalai sun kewaye shi.

Munawwara ta gyara mayafi. Ta taka. Ta bi ta gaban bencin mahaifinta, ta ɗan rusuna don girmamawa, ta miƙe ta nufi hoton Mu'az, ta tsaya.

Sai ƙus-ƙus ya tashi.

"'Yar Alhaji ce fa!"

"Lalle yarinyar nan ta ci wuta."

Ya Fanne ta ɗaure zaninta, ta taho tana ɗingishi ta tsaya a bayanta. Sai wata mai koko ta biyo. Sai matan gidajen haya suka taho su uku riƙe da hannun juna. Kafin ka ce me, mata suka ɓalle daga jikin bango. Da mazan suka ga matansu sun riga su, kunya ta kama su, suka bi sahu suna gyaran murya kamar dama niyyarsu ke nan. Layin Mu'az ya miƙe har ya lanƙwasa ta bayan ofishin hedimasta, ya bar na Mahdi a baya nesa.

Ta saci kallon mahaifinta, tana jiran ta ga ya miƙe a fusace. Yana nan zaune, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, yana cin goro.

Sai ga fijo ta shigo fili tana hon.

Mahdi ya fito ta ɓangaren direba. Ɗaya ƙofar ta buɗe, wani ya fito cikin sabuwar babbar riga ta shadda, ko karin guga bai bar jikinta ba, ta kuma yi masa yawa. Sai da ya matso Munawwara ta gane shi.

Mu'az ne.

'Yan ƙungiya suka fara tafi, sai tafin ya mutu a hannunsu. Ya wuce su bai dubi kowa ba, ya je ya raɗa wa malamin zaɓe magana. Sannan ya nufo sandar da ke gaban Munawwara, ya sa hannu ya cire hotonsa da kansa.

"Jama'a," ya ce, muryarsa ba ta fita sosai. "Na gode da ƙauna. Amma don zaman lafiyar unguwa, na janye wa ɗan'uwana Mahdi. Ina roƙon kowa ya koma layinsa."

Salati ya tashi ta ko'ina. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka.

Shi kuwa ya juyo wajen Munawwara, fuskarsa tana walƙiya, wai shi mai albishir.

"Munawwara, an ba ni ke!" ya ce ƙasa-ƙasa. "Baffa ya yarda! Bayan babbar salla za a ɗaura."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Me ka ce?"

"Jiya bayan Juma'a ya aika aka kira ni. Ya zaunar da ni da Mahdi a zaure, ga dattawan kara. Ya ce abu biyu muke nema mu biyu, ba sai an yi rigima ba, kowa ya ɗauki ɗaya. Mahdi ya ce shi kujera. Ni na ce ke. Baffa ya kama hannuna ya kama nasa ya haɗa, aka shafa fatiha."

"Ya haɗa hannunku."

"Wallahi, a gaban shaidu."

"Yadda yake haɗa hannun mai saniya da mai saye ranar kasuwa."

"Haba, Munawwara, ba haka ba ne..."

"To yaya ne? Ina cikin gidan nan jiya, bango ɗaya ne tsakaninmu. A cikin ku duka, da dattawan da samarin, akwai wanda ya ce a kira ta a ji ta bakinta?"

"Na so in ba ki mamaki ne."

"Ai kuwa ka ba ni."

Hawaye suka zubo mata, masu zafi, ba irin na shekaranjiya ba. Ba ta share su ba. Baƙin ciki ne da kunya da wani irin raini da ba ta taɓa zaton zai shiga tsakaninta da shi ba.

"Don ke na yi," ya ce, shi ma idonsa ya kawo ruwa. "Duk duniya babu abin da nake so kamarki. Na bar kujera saboda ke, wannan ba so ba ne?"

"Kujerar taka ce da za ka bayar? Juya ka dubi bayana."

Bai juya ba.

"Na ce ka duba, Mu'az!"

Ya ɗaga kai da ƙyar. Mata ne tsaye cikin rana, wasu da goyo, kowace fuskarta a fili. A can gefe yaran Mahdi suna nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, suna gane masu haya da masu rumfa.

Ya Fanne ta leƙo ta kafaɗar Munawwara. "Yaro, tun jiya ka san haka, ka bari muka fito? Gobe ina zan kafa kaskona?"

"Ya Fanne, zan roƙa miki Mahdi, ba zai..."

"Za ka roƙa," in ji Munawwara. Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Har ka koya. Kwana ɗaya da shiga zaure, har ka koya. Rigar ma tasa ce, ko?"

Ya sunkuyar da kai, yana jan hannun rigar da ya rufe masa yatsu.

Alhaji Bubayaro ya taso daga benci, yana tafe yana gyara rawani, dillalai a bayansa.

"To, Malama, sai a yi godiya," ya ce da fara'a. "Abin da kike so na ba ki. Fitowar da kika yi ma na yafe, tunda layin ya mutu. Wuce ki koma can, kada ki tara mana jama'a."

Ta durƙusa har ƙasa, a gaban kowa.

"Baffa, Allah ya ƙara girma. Ban taɓa musu da kai ba, yau ma ba musu zan yi ba. Shekaranjiya ka ce ba za ka yi mini dole ba."

"Na faɗa."

"To ina roƙon ka riƙe mini wannan maganar. Wanda na ce ina so, ba shi ne wannan ba."

Fara'ar ta ɓace daga fuskarsa. "Ke! Na haɗa hannun mutane a gaban shaidu!"

"Ba a haɗa da nawa ba, Baffa."

Wani daga cikin dillalan ya yi tari, ya kau da kai. Mahdi kuwa ko a jikinsa, yana can yana gaisawa da mutane hannu bibbiyu, shi dai nasa ya shiga aljihu.

Mu'az ya zube a gabanta, sabuwar shaddar tana shan ƙasa.

"Munawwara, kada ki yi mini haka. Ki tuna shekarun da muka yi. In kika bar ni na rasa duka biyu, ina zan sa kaina?"

Ta miƙe tsaye. Zuciyarta tana ciwo, don so ba ya fita lokaci guda, ko da mai shi ya zubar da kansa. Ta dubi hoton da ke hannunsa, ya nannaɗe shi kamar tabarmar da aka gama zama a kai.

"Saura hanya ɗaya," ta ce a hankali. "Ba a fara ƙirga ba. Tashi ka mayar da hoton nan jikin sanda, ka tsaya a gabanmu. In Baffa ya kore ni, na yarda. In ya hana aure, zan jira ka har ya sauko, kamar yadda na ce. Mayar kawai."

Kowa a layin ya zuba masa ido. Har waɗanda suka fara zamewa suka dakata.

Ya dubi sandar. Ya dubi Alhaji Bubayaro, wanda ya kafe shi da ido ko ƙiftawa ba ya yi.

"Na riga na ba da hannu," ya ce, da ƙyar ake jinsa. "Dattawa ne, Munawwara. In na warware, da wane ido zan dube su? Ki bari a gama, in ya so mu zauna mu..."

"Shi ke nan."

"Ki saurare ni..."

"Na ce shi ke nan. Tashi, kana ɓata musu riga."

Malamin zaɓe ya matso yana share gumi. "Malama, nan fa babu ɗan takara. In ba za ku koma can ba, ba zan ƙirga ku ba."

"Kada ka ƙirga, Malam. Muna nan."

Ya Fanne ta gyara tsayuwa a bayanta. Mai koko ma ba ta motsa ba. Mazan dai tuni suka fara sulalewa ɗaya-ɗaya suna komawa inda ake rabon sabulu, amma matan suka tsaya a bayan sandar da babu komai a jikinta, rana tana dukansu.

Daga can aka fara ƙirga layin Mahdi da ƙarfi. Mu'az yana tsaye a tsakiya, hoto a hannu, bai san inda zai nufa ba.

Munawwara ta dube shi, idonta ya bushe.

"Je ka layinku," ta ce. "Kada a wuce ka."

Ya sake duban Alhaji Bubayaro. Sannan ya tattare babbar rigar da hannu biyu don kada ta harɗe shi, ya tafi da sauri ya shiga layin Mahdi.